Shekarar da na mayar wa mutane saƙonninsu

Balkisa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta dawo daga wani suna a unguwar Bron ranta a ɓace, ta ce ta ji mata biyu a madafa suna cewa Innarku ce ta raba ni da marigayi Alhaji Ilu, wai ta fifita yawon shan iska irin na Turawa a kan zumunci. Ba yau aka haifi wannan magana ba. Na san ta tun tana jaririya, kuma a gabana ta girma ban tsawata mata ba. To ga yadda abin ya kasance, ku karanta, ku ajiye wa 'ya'yanku. Karatuna bai yi nisa ba, kun sani, allo ne da 'yan shekaru a lekol, makarantar boko, a Damagaram, don haka kada ku nemi ado a wurina.

Sani, Balkisa, Hadiza, ba sai na kwatanta muku gidanmu na can saman bene a unguwar Minguettes ba. Ɗakuna uku ne da falo, amma ban tuna watan da muka kwana mu kaɗai ba. Duk ɗalibin da ya taso daga Yamai ko Maraɗi bai samu ɗaki a jami'a ba, sunana ake ba shi tun daga gida, kamar yadda ake ba mutum sunan tasha. Sani, a ƙasa kake kwana shekarar da ka yi jarrabawar fita lise, wato sakandare, wani baƙo a kan gadonka. A wurin Alhaji Ilu na koyi wannan hali. Shi ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa ranar da na sauka Lyon ba ni da ko rigar sanyi, ya shimfiɗa mini a falonsa, ya kai ni da ƙafarsa siton da na yi ta aiki a ciki har na ajiye. Na ɗauki halinsa, amma ban ɗauki mudunsa ba. Shi sai ya shiga gida ya yi shawara da iyalinsa kafin ya ce to. Ni kuwa a ƙofar masallaci nake cewa to, sannan in zo gida in ba da sanarwa.

Innarku ta yi shekaru tana sharar ofisoshi tun kafin gari ya waye, ta dawo ta ɗora tukunya don mutanen da ba ta san sunan iyayensu ba. A haka gwiwoyinta suka ƙare. Shekarar da na ajiye aiki aka yi mata aiki a ta dama, tun daga nan a kan kujera take salla. Wata rana da rani, tana asibiti, na same ta an zaunar da ita kusa da taga, tana kallon babbar hanyar da ta nufi kudu. Lokacin hutu ne, motoci kamar tururuwa.

"Malam, ka ga waɗancan fararen, masu kama da akwati?"

"Na gani. Kampin-kar ake ce musu. Tsofaffin Turawa ne, sun rasa abin yi."

"Akwai gado a ciki?"

"Da gado, da murhu, har da makewayi."

"To ita nake so. Gidan da kafin a ƙwanƙwasa ƙofarsa ya riga ya bar unguwar."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A cikin tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, ina komawa gida na yi ta laluben ranar da matar nan ta taɓa roƙona wani abu don kanta, ban samu ba. Ko zane ba ta taɓa cewa in saya mata ba. Kafin in sauka na ƙulla a raina cewa ko da ita ce abu na ƙarshe da zan yi da ƙarfina, sai Innarku Rabi ta kwana a cikin farar motar nan a bakin teku.

Akwai Rene, Bafaranshe ne, mun yi shekaru muna tuƙa motar ɗaga kaya a sito ɗaya, ya riga ni ajiye aiki. Kowane lokacin sanyi shi da matarsa sukan bi wani ayarin kampin-kar zuwa Maroko, da jagora a gaba. Ya sayi sabuwa, tsohuwar na zaune a ƙofar gidansa, sai ya sallama mini ita. Ni so na yi mu tafi mu biyu, inda muka ga dama mu tsaya. Innarku ta ƙi.

"In mu kaɗai ne ba za mu wuce Montpellier ba. Za ka tuna akwai ɗan wane a can, sai mun kwana uku muna gaisuwa. A sa mu cikin ayari, inda akwai mai ce maka tashi."

Haka aka rubuta sunanmu. Da kaka aka kira dukan masu tafiyar taro a wani zaure a gefen Paris, muka hau jirgin ƙasa muka je, ita da sandarta. Tsofaffi ne kusan duka, miji da mata, kawuna fari fat, mu kaɗai ne baƙaƙe. Jagorar mace ce, Madam Odil, gajeriya mai muryar maza, an ce a da manyan kamiyo na dakon kaya take tuƙawa. Innarku na ganin ta ta raɗa mini cewa ga madugu, kuma da sunan muka ci gaba da kiran ta a tsakaninmu. Ta nuna mana hanya a jikin bango: mu ratsa Sipaniya, mu hau jirgin ruwa da motocinmu, mu bi bakin teku har kudancin Maroko. Aka yi ta tambayoyi, rabinsu a kan karnuka. Sai ga Innarku ta ɗaga sanda, da Faransancinta na wurin shara, ta ce mu muna salla sau biyar a rana, shin ayari zai tsaya mana?

"Madam," in ji Madugu, "dubi mazan nan da kyau. Da irin mafitsararsu, fiye da sau biyar muke tsayawa."

Zaure ya kwashe da dariya, Innarku ta fi kowa. Daga nan Madugu ta ɗaure fuska, ta ce abu biyu ne ba ta sassautawa. Na ɗaya, ba mai barin ayari ya tafi wata sabgarsa, wanda ya fita ya fita ke nan. Na biyu, ranar tashi za ta auna kowace mota da ma'auninta. Da irin takardar tuƙinmu, ton uku da rabi ne iyaka, da mu, da ruwanmu, da karnukanmu. Ta ce ta taɓa ganin yadda birki ke yi wa mota mai nauyi a gangaren dutse, ba ta son ta ƙara gani. Wanda ya wuce, ko ya sauke a nan take, ko ya juya gida. Na yi ta gyaɗa kai. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaga kaya, ina duban kwali in faɗi nauyinsa kafin a ɗora shi a sikeli, wa zai koya mini wannan?

Watannin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin zama da uwarku kamar su ba. Ranar Lahadi mukan je filin ajiye motoci na wani babban kanti da ba ya buɗewa, in yi ta koyon ja da baya, ita tana tsaye can tana kaɗa mini mayafi. Sau ɗaya na bugi rumfar amalanken kanti, ta yi dariya har sai da ta jingina da sanda. Rene ya koya mini canza tulun gas, da magana a cikin 'yar rediyon da motocin ayari ke kiran juna da ita, da zubar da tankin makewayi. Wannan na ƙarshen ya yi mini nauyi a rai, ni Mutari ɗan malamai ina jan abin nan a bainar jama'a. Rene ya ce har tsofaffin alƙalai ya gani a layi da nasu. Na toshe hanci na koya. Ita kuwa Innarku ta mayar da motar ɗakinta. Ta ɗinka labule. Ta jera kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji a cikin gwangwanaye, ta cusa tsumma a tsakaninsu don kada su yi ƙara. Ta sa garin gero, da ƙaramin turminta, da tukunyar ƙarfen nan mai kauri da kuka sani, da katifa ta biyu saboda bayanta, da kujerar sallarta mai naɗewa. Wani lokaci in na neme ta a sama na rasa, sai in leƙa ta taga in hango ta a cikin motar a ƙasa, tana zaune kawai, ba ta yin komai.

Bakina ne ya ɓata. Wata Juma'a bayan an sallame, ana ta kukan sanyi ya kusa, ba wanda ya tambaye ni, na ce ai mu bana sanyi ba zai same mu a nan ba, Maroko za mu, a mota, kuma tawa. Na so a ji, kuma aka ji. Ku da aka haifa a nan ba lalle ku gane abin da wannan ke nufi ba. A wurinmu matafiyi ba nasa ba ne shi kaɗai. A Damagaram in mutum ya ce gobe zai je Kano, kafin dare zaurensa ya cika. Ba a tambayar ka ko za ka iya, sai dai a ce ga ɗan saƙo, kuma duk girmansa ɗan saƙo ne sunansa. Wanda ya ƙi karɓa kuwa ya yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Ɗaliban unguwar Villeurbanne ne suka fara, don da yawansu suna da ƙanne masu karatu a Fès da Rabat. Wannan ya kawo kwalin littattafai, wancan barguna da rigunan sanyi. Maƙwabciyarmu Lalla Zuhra, 'yar Maroko, ta kawo jerin tukwane da injin ɗumama abinci na 'yar'uwarta. Duk wanda ya zo sai in ce ba komai, Allah ya kai mu. Ban hau da ko ɗaya sama ba. A ɗakin ajiyarmu na ƙarƙashin bene nake zubawa, in kulle, in sa makullin a aljihu. Wanda ke ɓoye abu ya san abin da yake yi, ba zan ce muku ban sani ba.

Daga ƙarshe sai ga Alhaji Ilu da kansa. Ya tsufa sosai a lokacin, ba ya fita sai Juma'a, amma ya sa aka kawo shi daga Bron, mutum biyu na biye da shi suna nishi da wani keken ɗinki irin na masana'anta, da teburinsa na ƙarfe.

"Mutari, an ce Maroko za ka."

"In Allah ya yarda, Alhaji."

"To ga keken 'yata Nana. Ka san tana aure a Oujda. Ai kan hanya ne ko?"

Ban san inda Oujda take ba. Na ce, "Kan hanya ne, Alhaji." Sai da na je wurin Rene ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa ɗaya a kan hanyarmu ta bakin teku, ya miƙa ɗayan hannun can kusa da iyakar Aljeriya. Na ce masa tambaya ce kawai nake yi.

Da tafiya ta matso Rene ya nace sai mun je mun auna motar tun kafin Madugu ta auna ta. Na loda komai da komai, na rufe kwalayen da bargo, muka je wani wurin sayen tsofaffin ƙarafa da ke da sikelin da mota ke hawa. Mai wurin ya leƙo ta taga ya faɗi lamba. Rene ya cire hula ya sosa kai.

"Mutari, me ka sa a ciki? Raƙumi?"

Muka zubar da ruwan tanki duka, muka sake hawa. Har yanzu ta wuce da nauyin ƙarti uku ko fiye. Rene ya ɗaga bargon, ya ga kwalaye kowanne da sunan mai shi da sunan gari, ya ga keken. Bai yi mini faɗa ba. Ya mayar da bargon, ya ce, "Kuma ka tuna Madam ɗinka ba ta ciki."

Abin da na yi washegari shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Na bari sai da Innarku ta tafi wurin gashin gwiwa bayan azahar, na sauka na buɗe motar na fara rage kaya. Na fitar da akwatin kayan gyarana, da takalmana, da rabin tufafina, don in ce da kaina na fara. Sannan na fitar da turmi. Na fitar da tukunyar ƙarfe, da garin gero, da katifa ta biyu. Ina yi ina gaya wa kaina cewa ai Maroko ma akwai kasuwa. Na ɗauki kujerar salla na jinjina ta a hannu, ba ta kai nauyin kaza biyu ba, amma ita ma na fitar da ita. Ban taɓa kwali ko ɗaya ba. Ina cikin haka na ji ƙarar sandarta a kan daɓe. Ta dubi kayanta a zube a gindin bene. Ta leƙa cikin motar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan na wa ne?"

"Na wani yaro ne, ƙanensa na Fès."

"Wannan fa?"

"Lalla Zuhra."

"Wancan ƙarfen?"

"Na Alhaji Ilu ne, Rabi. Alhaji Ilu fa."

Ta ɗauki kujerar, ta buɗe ta a nan bakin hanya, ta zauna ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Yanzu ta yi daidai?"

"Da saura."

"To ni ma ka auna ni. Na fi turmin nauyi nesa ba kusa ba. In ka sauke ni sai ta yi daidai."

"Haba, Rabi."

"Ba faɗa nake yi ba, Malam. Tun ina amarya na san inuwar giginya na aura, na nesa ke shan ta. Na ɗauka dai in giginyar ta samu ƙafa ta bar gari, zan samu in zauna a gindinta ko na wata ɗaya. Ashe da mutanenta za ta tafi." Ta dafa sanda ta miƙe. "Ka je ka kai wa mutane amanarsu, Allah ya ba ka lada. Ka hawo mini da kujerata, la'asar ta yi."

Na ɗauki kujerar na bi ta. A cikin asansar, na'urar da ke hawa da mu, ni ina kallon lambobin bene suna hawa, ita tana kallon ƙofa. Da ta yi kuka ko ta ɗaga murya, da na san abin da zan ce, don na saba da lallashi. Amma ta riga ta sallama, kamar yadda ta sallama gadon Sani da falonta da hutunta na kowace shekara. Wannan sallamawar ce ta tsorata ni. Na yi la'asar, na daɗe a kan buzu, ban roƙi Allah komai ba sai ya ba ni ƙarfin faɗin kalma ɗaya da ban iya ba. Na sauka. Na mayar da turmi inda ta ajiye shi, da tukunya, da katifa, na gyara tsummokaran da ta cusa. Sannan na fara fitar da kwalaye.

Kwanaki na yi ina bin gidaje. Na ara ƙaramar motar Rene, in hau bene da kwali a kafaɗa, in yi sallama, a yi gaisuwa mai tsawo, ido na kan kwalin, sannan in ce na karɓi abin da ba zan iya kaiwa ba, a yafe mini. A ƙofar farko har gumi na yi. Ɗalibin, da ke kira na Tonton, wato kawu, ya ce, "Tonton, don wannan ka hawo bene? Ai akwai motocin da ke kai kaya Maroko kowane mako, don ka ce ba komai ne muka kawo maka." Wani ya karɓa fuska a murtuke, bai raka ni ba. Lalla Zuhra ta wanke ni tas da Larabci da Faransanci a gauraye, ta rufe ƙofa, ta sake buɗewa ta miƙo mini farantin alkaki irin nasu, ta ce na Innarku ne, ba nawa ba. A kowace ƙofa harshena kan so ya ce Baturiyar ce ta hana, kuma da na faɗa ba ƙarya ba ne. Amma ba ita ta karɓi kayan ba, don haka ban jingina mata ba. Na fara jin cewa ashe a'a ba ta kisa.

Na bar na Alhaji Ilu a ƙarshe. Ni da Rene muka hau da keken, ya ajiye ya koma mota. Alhaji na kishingiɗe a falo yana sauraron rediyo, matarsa Hajiya Indo da wasu baƙi mata biyu na zaune gefe. Muka gaisa, ya tambayi Rabi da gwiwa, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Sannan ya rage muryar rediyon.

"Ya dawo ke nan?"

"Ya dawo, Alhaji. Ban faɗa maka gaskiya ba. Oujda ba kan hanyarmu take ba, kuma motar ba za ta ɗauka ba. Amma akwai masu kai kaya, ni zan ɗauki nauyin, zai riga mu isa ma."

"Abin biyan mota na rasa, Mutari?"

Na sunkuyar da kai.

"Rabona da Nana an daɗe, kuma likita ya hana ni jirgi. A waya kullum lafiya lau. Kowace 'ya lafiya lau take a waya. So na yi wanda ya san ta tun tana goye ya shiga gidanta, ya sha ruwa, ya dubi fuskarta, ya dawo ya gaya mini. Keken dalili ne kawai."

'Ya'yana, ban taɓa jin nauyi irin na wannan lokaci ba. Mutumin da ya rufa mini bargonsa ne ke roƙona ido. Bakina ya riga ya buɗe zai ce to, zan bar ayarin in je, ko me Madugu za ta yi. Na san kuma in na bar ayari tafiyar Rabi ta ƙare, don ba za a sake karɓar mu ba. Na damƙe gwiwata da hannu.

"Ba zan iya ba a wannan tafiyar, Alhaji. Na riga na ba da ita."

Ya dube ni. "Rabi ce ta hana?"

Sai na yi shiru. Bai fi haɗiyar yawu ba, amma shiru ne, kuma mata uku na zaune. Na ga sauƙin da ke ciki, na ga cewa in aka ɗora mata ni na fita, na bar shi ya ɗan tsaya. Daga baya na ce a'a, ni ne, amma muryar ta fito ƙasa-ƙasa kuma ta makara. Shirun aka ji, shi aka ɗauka aka fita da shi. Alhaji ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya ƙara muryar rediyonsa.

Bai ƙaurace mini ba, ba halinsa ba ne. Muna gaisawa a masallaci har ya bar duniya, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Amma daga ranar bai sake ce mini Mutari ba, sai Malam Mutari. Da muka dawo na je na ce zan hau jirgi in je Oujda musamman, ya ce an riga an je, ya gode. Innarku ba ta san dalilin keken ba sai da muka yi nisa a tafiya na gaya mata. Ta yi hawaye, ta ce da tun ranar da aka kawo shi na hau na faɗa mata, da mun zauna mu uku da Alhaji mun nemi dabara, ko mu je wa Nana tun kafin ayari ya tashi. Gaskiya ta faɗa. Makullin da na sa a aljihu ne ya jawo. Don haka, Balkisa, in kin sake jin matan nan, ki gaya musu uwarki ba ta hana kowa komai ba, kujerarta kawai ta ce a hawo mata da ita. Ni na karɓa, ni na mayar, ni na yi shiru. Mayarwar ban yi nadamarta ba, ko yau aka sake zan sake. Sauran biyun nake neman gafara a kansu.

Ranar tashi muka haɗu a wani fili kudu da Lyon da hantsi, sanyi na cizo, fararen motoci sun yi layi. Madugu na bin su ɗaya bayan ɗaya da wasu faya-fayan ƙarfe da take sawa a ƙarƙashin tayu. Wani tsoho da ke gabanmu ya wuce iyaka, muna kallo ya yi ta fitar da kwalabe da buhunan abincin kare, matarsa na yi masa faɗa. Da aka zo kanmu na hau faifan a hankali, tankin ruwa a cike, Innarku na zaune a gefena da carbinta. Madugu ta duƙa ta duba gaba, ta duba baya, ta zo taga.

"Misye Mutari, kun yi kyau. Har kuna da sauran wuri, ya kai na babban kwali guda. Akwai abin da kuka bari kuke so ku ɗauko? Ba yanzu za mu tashi ba."

Ba zan ɓoye muku ba, nan take tukwanen Lalla Zuhra suka faɗo mini a rai, har na fara lissafin hanyar komawa Minguettes. Innarku ba ta dube ni ba, ta dai daina jan carbin.

"Babu, Madam," na ce. "A bar wurin haka."

Ta buga jikin motar da tafin hannu ta wuce ta gaba. Can 'yar rediyon ta yi ƙara, muryar Rene ta fito yana cewa in biyo bayansa. Innarku ta zare takalmanta, ta miƙe ƙafafu, ta gyara mayafi.

"Bismillah, Malam. Kuma in ka ga wani a bakin hanya yana ɗaga maka hannu, kai ma ka ɗaga masa."

Na ta da mota, muka bi ayari.